Shekarar da Na Rabu da Bijimi

Shekarar da gawon bakin kara ya faɗi ya danne rumfar masu awara, ita ce shekarar da na rabu da Bijimi. Ban riƙe lambar shekarar ba, don a lokacin ban san lamba ba, amma duk wanda ya taɓa cin kasuwar dabbobi ta Dakoro ya san gawon, kuma a lokacin ɗiyata Rabi tana rarrafe. Ku ɗiyana, na san abin da kuke ji in kun shiga gidan marigayi Babanku Abdu. Ana ce maku na sayar da gadon wana don in sayi abin yayi. Ban taɓa tankawa ba, saboda ban iya ja-in-ja da gidan wana. Yanzu da Allah Ya sa hannuna ya iya riƙe biro, zan ajiye maku yadda abin ya gudana, har da inda na yi wauta, ku karanta da idonku.

Manyanku sun ga Bijimi, ƙananan kuwa sunansa kawai suka sani. Kan ampli ne, wato akwatin da ke karɓar muryar gita ya ƙara mata ƙarfi ya miƙa ma bafil, bafil kuma ya watsa ma jama'a. Gitar da nake kaɗawa ita ce bas, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba a cika jin ta da kunne ba sai a ƙirji da tafin ƙafa. In ba kai mai ƙarfi, bas ba komai ba ce, kamar mutum ne yana magana cikin tulu. Yaya Abdu ne ya zo da Bijimi daga Nijeriya tun ina saurayi. Baƙi ne, mai kusurwoyin ƙarfe, cikinsa da tiransifo guda, wato dunƙulen ƙarfe mai naɗin waya, mai girman kan rago, nauyinsa kuwa ya kai rabin buhun gero. Daga ni har Yaya ba mai karatu, saboda haka ya karɓi jan farce wajen matarsa, Yaya Hinda, ya ɗiga ɗigo a gefen kowane maɓalli, daidai inda ya kamata a tsayar da shi. Da ɗigon nan biyar na koyi sana'a. Akwai kuma wani abu da Yaya yake yi kafin a fara kowane biki, wanda mutane ke yi ma dariya. Sai ya nemi tasa ya zuba ruwa kaɗan, ya taka taku goma sha biyu daga bafil zuwa inda mata za su yi rawa, ya kife ƙwarya ya ɗora tasar, ya ce in daki tsirkiyar sama. In ruwan ya yi rawa, to, mata ma za su yi. In bai motsa ba, ba a fara kiɗa.

Ƙungiyarmu tana da doka ɗaya da Yaya ya kafa: kowa ya ɗauki kayan da yake kaɗawa. Bafil biyu da gurup, injin da ke ba mu kuran, wato wutar lantarki, kayan kowa ne, masu amshi biyu da ba su da abin kaɗawa su ke ɗawainiyarsu. Amma gitarka da kanka, ko gangunanka, naka ne. Dokar tana da dalili. Da moto, wato babur, muke shiga ƙauyuka, kuma hanyoyin arewa kun san su. In taya ta nutse a rairayi sai an sauke kaya duka, a tura moto, a koma a ɗauko kayan a ka har inda ƙasa ta yi tauri. Wani lokaci sau huɗu kafin a kai gari. In mutum ɗaya ya kasa, tafiya ta tsaya, amarya tana jira. Bayan rasuwar Yaya, Lawali mawaƙinmu ya zama shugaba, ni kuma na gaji Bijimi da tsare dokar. Kuma na tsare ta. Muna da wani dattijo, Baba Nomau, mai kaɗa jerin ganguna, wanda ya fi mu duka kunne. Da gwiwoyinsa suka fara kumbura ya roƙi a riƙa kama mashi a wurin rairayi kawai. Sauran ba su ƙi ba, har Lawali ya fara gyaɗa kai. Ni ne na ce doka doka ce, Yaya bai kafa ta don a tsallake ba. Baba Nomau ya miƙe. Ya naɗe sandunansa a tsumma ya tafi gida, ya koma sayar da goro a bakin masallaci. Shekara shida kenan kafin shekarar gawo.

A bazarar shekarar muka tashi zuwa wani suna a bayan Adjekoria. A rairayi na biyu na sauke Bijimi lafiya, na tura moto, na dawo. Na duƙa na kama hannunsa na ƙarfe kamar yadda na yi sau dubu, na yunƙura, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana, ƙafar hagu ta mutu. Na dai ja shi a ƙasa har wajen moto, ina cije leɓe, ban bari kowa ya gane ba. Ranar a zaune na yi kiɗa bisa turmi. Washegari ban iya tashi alwala ba. Wata biyu ina kwance a tabarma, ina jin ruwan farko yana sauka, ina jin labarin gawo ya faɗi. Likita ya duba ni ya ce zan yi tafiya, zan hau moto, zan ma yi kiɗa, amma duk abin da ya fi ƙaramin bokitin ruwa nauyi kada in sake ɗaga shi, in ba haka ba wata rana sai dai a ɗauke ni.

Lawali ya zo gaisuwa da leda ta dabino. Ya zauna ya daɗe yana zancen shuka, sannan ya ce bukukuwa za su buɗe da kaka, kuma akwai wani saurayi daga Maradi da ke neman wuri.

“Ba korarka nake ba, Haruna. In ka ce a kama maka Bijimi, za a kama. Baki kawai za ka buɗe.”

Na ce mashi ba zan buɗe ba. Ya san dalili, ni ma na sani, ba wanda ya ambaci sunan Baba Nomau. Muka tsaya a kan ya ba ni zuwa farkon kaka. In na zo da kayana a hannuna, wurina yana nan. In ban zo ba, ya kira saurayin.

A gida muryoyi biyu ne. Inna, kakarku, ta ce wannan kira ne daga Allah, in ajiye kiɗa in bi ƙanenta awon hatsi, ai mai ɗiya biyar ya wuce rawar yara. Kullum in ta kawo mani kunu sai ta maimaita. Uwarku Hajara kuwa ba ta ce in bari ba, ba ta ce in ci gaba ba. Wata rana tana shafa mani man zafi a baya sai ta ce ita dai ta san wanda ta aura, in aka raba shi da gitar nan gidan zai koma gidan makoki, kuma ba ta da niyyar zama da mai awon hatsi mai kumburin fuska. Ta ce in je wajen Gonda.

Gonda shi ne mai gyaran rediyo na bayan tasha, shi ke naɗa ma Bijimi waya duk lokacin da ya yi tari. Da na fara takawa da sanda na je rumfarsa. Ya ce akwai sababbin kawuna da ake yi yanzu ba tiransifo a ciki, wani ma bai kai kaza nauyi ba, amma yana ihu kamar Bijimi ko ya fi. Ya ce ana samunsu a Maradi wajen masu kawo kayan hannu. Sai ya ɗaga yatsa ya ja mani kunne cewa irin waɗannan in suka mutu sun mutu, cikinsu duk ƙananan abubuwa ne kamar ƙwayar gero, ba abin da ƙarfensa na dalma zai kama. Ya kuma faɗi wani abu a kan lambobin da ke rubuce a bayansu. Gaskiya ban saurara ba. Kalmar kaza kawai ta zauna mani a kai.

Ina da rago ɗaya da nake turka don layya. Na kai shi kara ranar kasuwa, na hau mota zuwa Maradi. Butik ɗin Alhaji Ila ɗaki ne matsattse, kaya har rufi, rediyoyi da fankoki da amsa-kuwwa na masallaci. Ya jera mani kawuna huɗu. Na ɗaga kowanne da hannu ɗaya, na zaɓi wanda ya fi duka rashin nauyi, ɗan ja, wanda zai shiga aljihun babbar riga. Alhaji ya haɗa shi da wani bafil nasa, na daki tsirkiya, sai ɗakin duka ya ɗauka, kwanon rufi yana kaɗawa, gilasai suna ƙara. Zuciyata ta yi fari. Tasar Yaya ta faɗo mani a rai, amma ga Alhaji da babbar riga, ga masu saye biyu suna kallo, sai na ji kunyar in ce a ba ni tasa da ruwa kamar baƙauye. Na biya, na sa shi a jakar gita na dawo. Hajara ta juya shi a hannu ta ce, to, Allah Ya sa ba ragon ya fi shi murya ba.

Bikin farko na kaka a Korahane ne, ɗiyar wani mai shanu. Na isa da gita a baya da ɗan jan a jaka, na tsallake rairayi uku ina tafiya kamar ɗan hutu. Lawali ya dube shi ya ce wannan ai akwatin sabulun Hajara na ɗauko da kuskure. Muka kafa kaya a fili bayan la'asar, ba katanga, ba rufi, sai gonakin da aka girbe har iyakar gani. Na daki tsirkiya. Ni da ke tsaye kusa ina ji, amma taku biyar gaba muryar ta narke. Mata suka shigo da'ira, suka ɗan taka, suka tsaya suna duban juna. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, yau kiɗan ba shi da gindi. Na murɗa maɓalli har ƙarshe. Lawali ya ce ma mai amshi ya haɗa bafil na biyu, kamar yadda muke yi da Bijimi in fili ya yi faɗi, ni kuma na gyaɗa kai. Waƙa ɗaya da rabi ya yi. Sai na ji ƙaurin roba, wani siririn hayaƙi ya fito ta gefensa, ya yi shiru. Aka ƙarasa bikin da ganguna da gita ƙarama, ni ina tsaye rataye da bas kamar mai gadi. Uban amarya bai yi faɗa ba, ya dai ce a gaida mai gyara.

Gonda ya buɗe shi washegari, ya shinshina, ya rufe. Ya juya bayansa ya nuna mani wata ƴar alama mai kama da buɗaɗɗiyar munduwa, da lamba a gefenta. Ya ce kowane bafil namu huɗu ne. In aka haɗa biyu, lambar ba hawa take ba, sauka take zuwa biyu, kuma duk saukar da ta yi, kan yana ƙara jan kaya. Bijimi yana jure biyu. Wannan an rubuta mashi huɗu, ƙasa da haka ba ya ɗauka.

“Ga shi nan a bayansa, Haruna. Bai ɓoye maka ba. Ka ɗora ma ɗan akuya kayan raƙumi.”

Na tambaye shi, ko da ban haɗa na biyu ba fa? Ya ce ko da ban haɗa ba, ba shi da ƙarfin fili. A ɗaki katanga ce ta mayar mani da muryar ninki biyu, ni kuma na ɗauka tasa ce. Ya tambaye ni wai da zan sayi rago, a zaure nake duba shi ko a rana, ina sa a ja shi ya yi tafiya? Na ɗauki gawar abin na tafi gida.

Lawali ya aiko cewa akwai babban biki nan Dakoro bayan kasuwa uku, shi ne iyakar jiran da zai yi mani. Inna ta ce yanzu dai na ga aya. Hajara kuwa ta gama tuwonta tukuna. A lokacin tana zuwa makarantar manya ta mata ranar Talata da Alhamis, abin da nake mata tsiya a kai. Ta karɓi mataccen, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta duba bayansa, ta tsuguna ta zana mani lambar huɗu a ƙasa da tsinke, ta zana biyu a gefenta. Ta ce in kalla da kyau, biyu ita ce mai kama da agwagwa a ruwa. Ta sa ni na zana sau goma kuna tsaye kuna dariya. Sannan ta yagi kwalin shayi ta rubuta biyu da alamar munduwa, ta cusa mani a naɗin hula. Karatuna na farko kenan a duniya, ina da furfura a gemu.

Saura abin da zan saya da shi. Ba ni da wani rago, gero bai isa a taɓa ba. Amma tun zuwana na farko Alhaji Ila ya ce in ina da tsohon kai mai tiransifo yana so, zai yi musaya da duk wanda na zaɓa. Kwana uku ina kallon Bijimi a kusurwar ɗaki ƙarƙashin zanen da Hajara ke rufa mashi. Ran na huɗu na je gidan Yaya Hinda. Da ni da ita akwai wasa tun tana amarya, kullum takan ce mani mijin wahala, amma ranar da ta ga yadda na zauna sai ta ajiye tankaɗe. Na faɗa mata komai. Ta ce Sanusi, babban ɗanta da ke aikin mota a Agadas, ya sha faɗin in ya dawo zai karɓi kayan ubansa ya ajiye. Na ce na sani. Na ce in na ajiye Bijimi, ya zauna a ɗaki shiru, ni ma na zauna shiru. In na bada shi, aƙalla kiɗan da Yaya ya koya mani zai ci gaba da fita.

“Kai ya bar ma shi, ba ni ba,” in ji ta. “Jan farcena ne dai a jiki.”

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ci gaba da tankaɗe. Ban kira Sanusi ba, kuma wannan laifina ne, na yarda. Na ji tsoron in ya ce a'a ba zan iya tsallakewa ba.

Daga can ban koma gida ba, na wuce bakin masallaci. Baba Nomau yana zaune da faifan goronsa, ƙafafu a miƙe. Shekara shida gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na tsuguna da ƙyar, na ce ina neman ya raka ni Maradi ya zama kunnena, don nawa ya riga ya yaudare ni sau ɗaya. Ya daɗe yana yayyafa ma goro ruwa.

“Na ji an ce bayanka ya tafi inda gwiwoyina suka tafi. Me ya hana ka ce a kama maka?”

“Ba ni da bakin faɗa, Baba.”

“To, ashe kana da kunya. Da ban sani ba.”

Ya rufe faifan ya ce in biya mashi mota, kuma shi ba ya zama a baya.

Wannan karon na tafi da shiri. Na roƙi Lawali bafil biyun da gurup, ƙanen Inna ya ɗora mana su da Bijimi bisa motar hatsinsa, ƴan dako suka sauke. Na ce ma Alhaji Ila ba zan saurari komai a ɗaki ba. Ya ce shi kayansa ba sa fita. Na yaye zanen Bijimi na bar shi ya gani, na zauna a bencinsa na ce ba sauri nake ba. Daga hantsi har azahar muna zaune, Baba Nomau yana ba shi labarin goro. Da muka dawo daga salla ya ce wallahi mutanen Dakoro sun fi kaska, ya sa aka ɗauko. Kafin a fita na ciro kwalin daga hula na bi bayan kowane kai. Cikin shida, uku ne ke da agwagwa. Sauran ukun na ce a mayar, har da wani mai fitilu shuɗɗa da Alhaji ke ta yabo.

Akwai wani fili a bayan kasuwa inda ake ƙwallo. Can muka kafa cikin rana. Na tada gurup na bar shi ya daidaita numfashi kamar yadda Gonda ya koya mani, don irin waɗannan kawuna ba sa son kuran mai hawa da sauka. Na sayi tasa da ƙwarya a bakin hanya, ban ji kunyar kowa ba. Na taka goma sha biyu, na kife, na ɗora, Baba Nomau ya zauna a kujera kusa da ita. Muka fara da Bijimi don mu tuna abin da muke nema. Na tsayar da maɓallai a kan ɗigon Yaya na daki tsirkiya, ruwa ya yi zobe-zobe. Baba Nomau ya sunkuyar da kai. Shi ne karo na ƙarshe da na kaɗa shi.

Na farko cikin ukun shi ya fi rashin nauyi. Ya motsa ruwan, har na fara murna, amma Baba ya ce in ci gaba, biki ba waƙa ɗaya ba ne. Na yi ta kaɗawa da bafil biyu. Kafin in gama waƙa ta huɗu ya yi zafi kamar dutsen guga, ya kashe kansa. Na biyu ya jure rana, ya kuma fi duka ihu, masu wucewa har suka taru. Baba Nomau ya yatsina fuska ya ce wannan ƙara ce ba murya ba, yana dukan kunne amma bai sauka ciki ba, mata za su toshe kunne su tafi. Na duba tasa, ruwan da ƙyar yake motsi. Na uku ba shi da kyan gani, toka-toka, gefensa a kwarzane, da ƴar fanka a ciki mai hura iska, kuma ya fi sauran biyun nauyi, kamar tulun shayi babba cike da ruwa. Na kaɗa waƙa bakwai a jere. Ruwa yana rawa, jikinsa ɗumi kawai. Can na hangi ƙafar Baba Nomau, mai kumburin nan, tana dukan ƙasa.

“Ba Bijimi ba ne,” ya ce. “Bijimi yana da wani kitse a ƙasan murya, wannan ba shi da shi. Amma zai tada mata.”

Saura gwaji ɗaya, nawa. Na sa shi a jaka na rataya, na goya gita, na zagaye filin sau uku ta inda rairayi ya fi laushi. Alhaji yana tambayar Baba ko lafiyata ƙalau. Bayana bai ce komai ba. Na dawo na ce shi ne. Ƴan dako suka ɗauki Bijimi suka shiga da shi kasuwa, ni kuma na duƙa ina naɗe waya don kada in ga inda suka bi. A gida Hajara ta kawo jan farcenta, na ɗiga ɗigo biyar da hannuna.

Bikin Dakoro ya zo. Na ajiye tasa a gaban jama'a, aka yi dariya kamar yadda ake ma Yaya, ruwa ya yi rawa, mata suka shiga, ba su fito ba sai da aka kira magariba. Lawali ya laƙaba ma sabon kan suna Zomo, sunan da kuka sani. Na gama kakar nan duka, ƙauye goma sha, ban nemi hannun kowa ba ko sau ɗaya. Sai da aka rufe bukukuwa, kowa ya ga na ɗauki kayana da kaina, sannan na tara su a zauren Lawali na ce a soke dokar. Na ce dokar wana ce, ni na tsare ta, ni kuma na ga abin da ta ci. Ba wanda ya musa. Muka tafi mu duka bakin masallaci muka ce ma Baba Nomau ya dawo, za a ɗaukar mashi komai. Ya kwance tsumman, ya riƙe sandunan, ya gwada a kan faifai. Yatsunsa sun riga sun ƙage, sanda ɗaya ta suɓuce ta faɗi. Ya dube ta a ƙasa ya yi murmushi ya ce mun makara, amma ya gode, mu sayi goro.

Sanusi ya dawo da sallar layya, ya je Maradi da kansa neman Bijimi. Aka ce mashi an fasa shi tun makon farko, an cire jan ƙarfen tiransifo an sayar da awo. Tun daga ranar in mun haɗu yakan gaishe ni da baki, ba ya miƙo hannu, ba ya kuma ce mani Baba. Kada ku riƙe shi a zuci, yana da gaskiyarsa.

Zomo yana nan, shi nake ratayawa har yau, shi ya ciyar da ku. Abin da shekarar ta ci kuwa ga shi: rago ɗaya, wanda ya sa ba mu yi layya ba. Bikin ɗiyar mutane ɗaya a Korahane. Bijimi, da ɗigo biyar na hannun wana. Hannun Sanusi. Sai shekara shida na kiɗan Baba Nomau, waɗanda ba rairayi ya cinye ba, ba ciwo ba, ni ne.